Piers Morgan: ɗan jarida ne ko mai shirya dambe?

Wai shin Piers Morgan, ɗan jaridar Birtaniya mai shirin hira, ɓangaren wa yake? Tun watan Oktoban 2023, lokacin da guntayen bidiyon shirinsa kan yaƙin Gaza suka fara cika wayoyin mutane, ake ta jefa wannan tambaya a shafukan sada zumunta. Da farko tsine masa ake yi, ana cewa ɗan koren Isra'ila ne, domin duk Bafalasɗinen da ya gayyata sai ya titsiye shi da tambaya ɗaya: ka yi Allah wadai da Hamas? Zuwa 2025 sai ga shi yana ɗaga wa jakadiyar Isra'ila a Birtaniya murya kan yawan yaran da aka kashe, sai waɗanda suka tsine masa jiya suka koma sa masa albarka. Masu kallon ƙwallo kuwa ta wata ƙofar suka san shi. Shi ne wanda Cristiano Ronaldo ya zauna gabansa a Nuwamban 2022 ya amayar da abin da ke cikinsa, ya ce ba ya ganin girman kocinsa Erik ten Hag, kwanaki kaɗan bayan haka Manchester United ta raba gari da shi.

A ganina tambayar ce ba ta zauna daidai ba. Mai neman ɓangaren mutumin nan zai yi ta shan mamaki duk bayan 'yan watanni. Wanda ya san gidan da ya yi tarbiyyarsa, da irin hajar da ake sayarwa a kasuwar da yake ci, ba abin da zai zo masa a ba-zata.

Gidan da ya rene shi

An haife shi a 1965 a kudancin Ingila. Mahaifinsa likitan haƙori ne ɗan asalin Ireland, ya rasu Piers bai cika shekara ɗaya ba, kuma sunan Morgan na mijin da mahaifiyarsa ta aura daga baya ne. Ya karanci aikin jarida a kwalejin Harlow, ya fara da ƙananan jaridun unguwa a kudancin Landan, sannan a ƙarshen shekarun 1980 jaridar The Sun ta attajiri Rupert Murdoch ta ɗauke shi.

Nan ne dole a tsaya a yi bayani, domin duk labarin a kansa ya ginu. A Birtaniya jaridu kashi biyu ne. Akwai masu nauyi irin su The Times da The Guardian, akwai kuma jaridun tsegumi irin su The Sun da Daily Mirror da News of the World, waɗanda a wancan zamani kowace ke sayar da miliyoyin kofe. Jaridar tsegumi ba wai ƙarya zalla take bugawa ba. Sau da dama tana bankaɗo abin da masu mulki ke ɓoyewa. Amma ma'auninta ɗaya ne: shafin farko ya tsayar da mai wucewa ya sa hannu a aljihu. Auren wane ya mutu, wance na shan ƙwaya, minista na da farka. Editan da ya tashi a irin wannan gida yana koyon cewa babban zunubi shi ne mai karatu ya yi hamma, sauran laifuffuka kuwa ana iya gyara su da neman afuwa a shafi na ciki.

A The Sun an ba shi shafin mawaƙa da taurari, kuma tun a lokacin aka lura da ɗabi'ar da ba ta bar shi ba har yau: yakan sa hotonsa tare da tauraron da yake ba da labarinsa, wato shi ma yana cikin labarin. A 1994 Murdoch ya naɗa shi editan News of the World bai kai shekara 30 ba, edita mafi ƙarancin shekaru da wata babbar jaridar ƙasar ta yi cikin fiye da rabin ƙarni. Shekara guda bayan haka ya buga hotunan matar ƙanin Gimbiya Diana tana wani asibitin jinya. Hukumar sauraron ƙorafin jaridu ta same shi da laifi, Murdoch da kansa ya tsawata masa a bainar jama'a. Bai jima ba ya koma Daily Mirror.

Shekarun Daily Mirror

Ya riƙe Mirror daga 1995 zuwa 2004, kuma a nan aka ga fuskokinsa biyu gaba ɗaya. A gasar ƙwallon Turai ta 1996, gabanin karawar Ingila da Jamus, ya buga shafin farko da ke kwaikwayon shelar yaƙin duniya na biyu, yana umartar Jamusawa su miƙa wuya. Sai da ya ba da haƙuri. A 2000 aka gano ya sayi hannun jarin kamfanin kwamfuta na Viglen daf da lokacin da marubutan shafin kasuwanci na jaridarsa suka shawarci masu karatu su saya, abin da ya ɗaga farashin. Da farko an ce na fam 20,000 ya saya, a shari'ar 2005 aka ji cewa ya kai fam 67,000. An kori marubutan biyu, kotu ta same su da laifi, ɗaya ya sha ɗauri. Shi hukumar ƙorafi ta ce ya karya ƙa'idar aiki, amma ba a gurfanar da shi ba, kuma ya ci gaba da zama a kujerarsa.

Wannan mutumin dai shi ne ya mayar da Mirror jaridar da ta fi kowace jaridar tsegumi tsayawa kan adawa da mamaye Iraƙi a 2003. Ya kamata a ba shi haƙƙinsa a nan. Mirror jaridar magoya bayan jam'iyyar Labour ce, Firaminista Tony Blair ɗan Labour ne, jaridun Murdoch duk suna kaɗa gangar yaƙi, kuma ɗan'uwan Morgan hafsan soja ne da ya yi aiki a Iraƙi. Duk da haka ya tsaya, har cinikin jaridar ya ragu. A babbar zanga-zangar Landan ta 15 ga Fabrairun 2003, kwalaye masu tambarin Mirror sun cika titi. Tarihi ya nuna shi ke da gaskiya, domin ba a taɓa samun makaman ƙare dangin da aka fake da su ba.

Hotunan bogi a kan laifin gaske

Wannan ne wurin da na fi son mai karatu ya natsu, don ya fi kowane nuna inda matsalar take.

A ƙarshen Afrilun 2004 duniya ta ga hotunan gidan yarin Abu Ghraib, inda sojojin Amurka ke wulaƙanta fursunonin Iraƙi. Ranar 1 ga Mayu sai Mirror ta fito da nata: hotunan da ta ce sojojin Birtaniya ne na rundunar Queen's Lancashire. A ɗaya ana ganin soja yana yi wa wani fursuna fitsari, an rufe masa kai da buhu a bayan motar soja. A wani ana dukansa da gindin bindiga. Hotunan suka zagaye duniya, musamman ƙasashen Larabawa.

Nan da nan masana suka fara nuna inda aka yi kitso da ƙwarƙwata. Irin motar da ke cikin hoton ba a kai ta Iraƙi ba. Kayan sojan sun yi tsabta da yawa ga wanda ke aiki cikin ƙurar Basra. Gwamnati ta shaida wa majalisa cewa ba a Iraƙi aka ɗauki hotunan ba. Morgan ya ƙi janyewa, ya ƙi ba da haƙuri. Ranar 14 ga Mayu masu jaridar suka sallame shi, masu gadi suka raka shi waje, washegari jaridar ta buga neman gafara a shafin farko tana cewa yaudararta aka yi.

Hujjar da ya riƙe tun daga lokacin ita ce, ko da hotunan na bogi ne, abin da suke nunawa ya faru. Kuma ya faru ɗin. A Satumban 2003 wani ma'aikacin otal a Basra mai suna Baha Mousa ya mutu a hannun sojojin wannan runduna ɗin, an ƙirga raunuka 93 a jikinsa. Wani kofur ya amsa laifin azabtar da fursunoni, kwamitin binciken da ya ba da rahoto a 2011 ya tabbatar da ta'asar.

To ina laifin? Laifin shi ne hoton bogi bai taimaki Baha Mousa ba, cutar da shi ya yi. Makonni aka kwashe ana gardamar mota da kaki, ba a maganar wanda aka kashe. Masu son rufe zancen suka samu abin fakewa, duk wanda ya ɗaga batun azabtarwa sai a tuna masa hotunan Mirror. Edita mai haƙuri da ya jira, ya tantance, ya bi sawun shari'ar Basra. Amma kasuwar tsegumi ba ta jira, domin idan ka jira maƙwabci zai riga ka. Wannan darasi ya shafe mu kai tsaye: duk lokacin da wani ya ɗauko hoton wata ƙasa ya ce a Zamfara ko Filato aka ɗauka, don kawai kisan da yake magana a kai gaskiya ne, makami ya miƙa wa masu musun kisan.

Mene ne kutsen waya, me kuma kotu ta ce?

Mutane da yawa na jin ana cewa Morgan na da hannu a kutsen waya, suna zaton wata babbar fasahar kwamfuta ce. Abin ya fi haka sauƙi. A ƙarshen shekarun 1990 da farkon 2000, idan aka kira mutum bai ɗaga ba, mai kira kan bar masa saƙon murya. Kamfanonin waya sun ba da damar mutum ya saurari saƙonninsa daga kowace waya ta hanyar danna lambar sirri guda huɗu, kuma yawancin mutane ba su taɓa sauya wadda aka ba su tun farko ba, irin su 0000 ko 1234. Sai 'yan jarida biyu su haɗa baki: ɗaya ya kira lambar ya tsare layin, na biyun ya kira a daidai lokacin don a tura shi akwatin saƙo, ya danna lambar sirrin, ya zauna yana sauraron abin da matar mutum ko likitansa ko lauyansa ya bar masa.

Illar ba a kan sarakuna da taurari kaɗai ta tsaya ba. Tsohon ɗan ƙwallon Ingila Paul Gascoigne ya shaida wa kotu cewa ya dinga zargin iyalinsa da sayar da sirrinsa, saboda abin da ya faɗa a waya sai ya gan shi a jarida. Ka yi tunanin mutum ya daina yarda da 'yan gidansu a kan laifin da ba su aikata ba. Abin ya fashe a Yulin 2011, da aka gano an saurari saƙonnin wata yarinya 'yar shekara 13, Milly Dowler, wadda aka sace aka kashe a 2002. Wannan aikin News of the World ne shekaru bayan Morgan ya bar ta, adalci ne a faɗi haka. Jaridar ta rufe bayan shekara 168 tana fitowa, aka kafa kwamitin Mai Shari'a Leveson don binciken ɗabi'un jaridun Birtaniya.

Inda sunan Morgan ya shigo shi ne zamaninsa a Mirror, kuma wani ɓangare na shaidar daga alƙalaminsa ya fito. A littafinsa The Insider na 2005, wanda ya tsara kamar kundin abubuwan da suka faru kullum, ya bayyana wannan dabara ta lambar sirri a shafin da ya danganta da 2001. A wata maƙala ta 2006 ya rubuta cewa an taɓa kunna masa saƙon da mawaƙi Paul McCartney ya bar wa Heather Mills, wadda ya aura daga baya. Da ya ba da shaida gaban Leveson a Disamban 2011 ya ƙi faɗin wanda ya kunna masa. Rahoton 2012 ya ce bayanansa ba su gamsar ba ko kaɗan, amma bai ce an tabbatar shi ya ba da umarni ba. 'Yan sanda sun yi masa tambayoyi, a 2015 masu gabatar da ƙara suka ce babu isasshiyar shaidar gurfanar da shi.

Sai a Disamban 2023, a ƙarar da Yarima Harry, ɗan Sarki Charles na Birtaniya, ya shigar kan kamfanin Mirror, Mai Shari'a Fancourt ya yanke cewa an yi kutse mai yawa a jaridun kamfanin, ya ba Harry diyyar fam 140,600, ya kuma amince da shaidar da ke nuna Morgan ya san ana yi. Morgan ya fito ƙofar gidansa ya ce bai taɓa yi wa kowa kutse ba, bai kuma taɓa sa wani ya yi ba.

A kula da abubuwa biyu. Na farko, shari'ar neman diyya ce a kan kamfani, ba shari'ar laifi a kansa ba, kuma ba wanda ya kira shi shaida a cikinta. Don haka masu cewa kotu ta same shi da laifi sun zarce. Na biyu, musun nasa a auna yake: ya ce bai yi ba, bai sa an yi ba. Abin da alƙali ya faɗa kuwa shi ne ya sani. Tsakanin waɗannan maganganu biyu akwai fili mai faɗi, kuma ni dai ban ga ya cike shi ba.

Talabijin, Amurka da Meghan

Korar 2004 da ta isa ta binne wani, shi ƙofa ta buɗe masa. Ya zama alƙali a gasannin nuna basira a Amurka da Birtaniya, ya lashe shirin Donald Trump na gasar kasuwanci a 2008, abota ta ƙullu tsakaninsu. A Janairun 2011 CNN ta ba shi kujerar fitaccen mai shirin hira Larry King. Bayan kisan yara 20 da manya 6 a makarantar Sandy Hook a Disamban 2012, ya mayar da shirin fagen yaƙi da yawaitar bindigogi, har Amurkawa sama da 100,000 suka sa hannu kan takardar neman a kore shi daga ƙasar. Masu kallo suka ragu, aka rufe shirin a Maris 2014. Nan ma ya tsaya kan abin da ya jawo masa asara.

Daga 2015 ya koma shirin safe na tashar ITV. A 2017, bayan harin da aka kai wa masallata a Finsbury Park da ke Landan, ya tsawata wa ɗan tsattsauran ra'ayi Tommy Robinson da ke ɗaga Alƙur'ani yana aibata shi, ya ce ya ajiye ya girmama addinin mutane. A cikin wannan shekarar dai ya kare Trump, yana cewa dokar hana 'yan wasu ƙasashen Musulmi shiga Amurka ba hana Musulmi ba ce. Lokacin korona ya matsa wa ministocin Firaministan lokacin Boris Johnson har suka ƙaurace wa shirin fiye da wata shida, kuma wannan na cikin aikin jarida mafi kyau da ya taɓa yi.

Ƙarshen zamansa a can ya zo a Maris 2021. Meghan, matar Yarima Harry, ta gaya wa mai shirin hira ta Amurka Oprah Winfrey cewa a zamanta na fada ta kai ga tunanin kashe kanta, ta nemi taimako ba a ba ta ba. Da safe Morgan ya ce bai yarda da ko kalma ɗaya daga bakinta ba. Washegari abokin aikinsa mai hasashen yanayi, Alex Beresford, ya ce masa a kan iska: ta yanke hulɗa da kai, haƙƙinta ne, amma kai ka ci gaba da sukarta. Morgan ya miƙe, ya fice daga ɗakin ana kallonsa kai tsaye. A ranar ya bar aikin. Hukumar Ofcom mai sa ido kan kafofin watsa labarai ta karɓi ƙorafi sama da 57,000, amma a Satumba ta wanke tashar, tana cewa yana da 'yancin ƙin yarda, kuma abokan aikinsa sun ƙalubalance shi a cikin shirin.

Hukuncin na da ma'ana a shari'ance. Sai dai abin da doka ta halatta daban, abin da ya dace daban. Miliyoyin masu kallo da safe, cikinsu akwai masu fama da damuwa, sun ji an ƙaryata mace a kan maganar kashe kai. Mu da muka san yadda ake cewa mai ciwon damuwa raki ne ko rashin tawakkali, mun san abin da irin wannan ke yi wa mai niyyar buɗe baki. Kuma mutumin da sana'arsa ita ce tsare mutane da tambaya, tambaya ɗaya mai zafi ta kore shi daga kujerarsa.

Me ya sauya da ya koma YouTube?

A Afrilun 2022 ya koma gidan Murdoch, ya buɗe shirin Piers Morgan Uncensored a sabuwar tashar TalkTV da hira da Trump. Tallan hirar an yanka shi ta yadda za a ɗauka Trump ya fusata ya fice. Mutanen Trump suka saki sautin da suka naɗa, aka ji an rabu ana godiya. A Fabrairun 2024 ya bar talabijin ya koma YouTube kacokan, a farkon 2025 kuma ya karɓi mallakar shirin daga kamfanin Murdoch.

Wannan ƙaura ta fi yadda ake zato muhimmanci. Tashar talabijin a Birtaniya na ƙarƙashin dokokin Ofcom na daidaito da tantance gaskiya, kamar yadda tashoshin Najeriya ke ƙarƙashin NBC. Shirin YouTube ba ya ƙarƙashin waɗannan ƙa'idoji. Babu shugaban tasha da zai ce ka ba da haƙuri ko ka tafi. Kuɗi kuwa daga talla suke zuwa, talla na bin yawan kallo, kallo na bin abin da ke tayar da jijiyar wuya. Shi ya sa tsarin shirin ya zama mutum huɗu ko biyar a allo, kowa na katse kowa, shi yana tsakiya. Mai shirya dambe ba ruwansa da ko Kudu ta yi kisa ko Arewa, muddin fili ya cika an biya kuɗin ƙofa. Ba wai ba shi da ra'ayi ba ne, yana da shi, kuma wani lokaci yakan biya kuɗinsa kamar yadda muka gani a Iraƙi da batun bindiga. Amma abin da ke ciyar da shirin karawar ce, ba warware ta ba.

Rashin mai tsawatarwa na da farashi. A Oktoban 2024 wata baƙuwa ta jefa wa mawaƙan Amurka Jay-Z da Beyoncé zarge-zarge masu nauyi ba tare da hujja ba, sai da lauyoyinsu suka taso kafin ya ba da haƙuri ya cire wurin. A Fabrairun 2024 ya miƙa wa Firaministan lokacin Rishi Sunak hannu suka yi cacar fam 1,000 kan ko gwamnatin Birtaniya za ta kai masu neman mafaka Ruwanda kafin zaɓe. Rayuwar mutanen da suka tsallake teku ce aka mayar abin caca a gaban kyamara.

Gaza: sauyin zuciya ne ko bin iska?

Bayan harin 7 ga Oktoban 2023, wanda aka kashe kimanin mutum 1,200 a Isra'ila aka yi garkuwa da kusan 250, matsayinsa shi ne Isra'ila na da haƙƙin kare kanta. Tambayarsa ta Allah wadai da Hamas ta ɓata wa mutane rai ne saboda ta zama kamar kuɗin shiga: Bafalasɗine ba zai yi maganar gawar 'yan'uwansa ba sai ya fara wanke kansa, alhali ba a fara tarbar baƙon Isra'ila da irin wannan sharaɗi. Wannan suka daidai ne.

Amma akwai ɗaya gefen. A makonnin da manyan tashoshin Yamma ke ɗari-ɗari, shi ya ba masu kare Falasɗinu fili mai tsawo. Hirarsa da Bassem Youssef, likitan zuciya ɗan Masar da ya koma barkwancin siyasa, wanda dangin matarsa ke Gaza, an kalle ta sama da sau miliyan 20. Ya kawo jakadan Falasɗinu a Birtaniya Husam Zomlot, ya kawo masanin siyasa Ba'amurke mai sukar Isra'ila Norman Finkelstein, ya kawo ɗan siyasar Falasɗinu Mustafa Barghouti. Turawa da yawa a nan suka fara jin tarihin 1948, shekarar da aka kafa Isra'ila aka raba Falasɗinawa da yawa da gidajensu, daga bakin masu shi.

A 2025, bayan Isra'ila ta toshe shigar abinci da magani gaba ɗaya tun farkon Maris har kusan mako 11, kuma adadin mamatan da ma'aikatar lafiyar Gaza ke bayarwa ya haura 50,000, harshensa ya juya. Ya tsare jakadiyar Isra'ila a Birtaniya ta lokacin, Tzipi Hotovely, da tambayar yara nawa aka kashe, ya dinga neman a bar 'yan jaridar duniya su shiga Gaza.

Da gaske yake? Allah ne masanin zuciya, kuma ban ga dalilin cewa mutum ba zai ga yara na mutuwa da yunwa ya girgiza ba. Abin da ake iya gani dai shi ne juyawar ta zo a lokacin da ra'ayin jama'a da ma gwamnatocin Turai ke juyawa. A Iraƙi ya riga jama'a, a Gaza tare da su ya iso. Falasɗinawan da ya katse a 2023 sun faɗi abin da ya zo yana faɗa a 2025, tun mamatan ba su kai kashi ɗaya cikin biyar na wannan adadi ba.

Lokacin da abin ya iso gida

A Nuwamban 2025, bayan Trump ya saka Najeriya cikin jerin ƙasashen da yake zargi da tauye 'yancin addini har ya yi barazanar ɗaukar matakin soja, Yusuf Tuggar, wanda ke riƙe da ma'aikatar harkokin waje a lokacin, ya shiga shirin don musanta zargin kisan ƙare dangi kan Kiristoci. Tun kafin a saki hirar ya fito fili ya nemi a watsa ta yadda aka naɗe ta, ba tare da yanke-yanke ba. Da ta fito, kowane ɓangare ya yanko daƙiƙoƙin da suka yi masa daɗi ya tura wa mutanensa, kowa na cewa nasa ne ya yi kaye.

Matsalar tsaro a Najeriya ta haɗa Boko Haram da ISWAP a arewa maso gabas, 'yan bindiga a Zamfara da Katsina da Sakkwato, rikicin ƙasa da kiwo a Binuwai da Filato, ga gazawar gwamnati da ta lulluɓe duka. Kiristan da aka kashe a ƙauyen Filato da Musulmin da aka kashe a masallaci a Katsina, kowanne na da haƙƙin a faɗi labarinsa a tsanake. Tsarin da ke ba kowane baƙo minti biyu kafin wani ya katse shi ba zai iya ɗaukar wannan nauyi ba. Zai iya tilasta wa minista amsa tambayar da yake gudu, kuma wannan amfani ne na gaske. Ba zai iya bayyana wa Ba'amurke bambancin Maru ta Zamfara da Mangu ta Filato ba.

Ga mai kallo a Kano ko Maraɗi ko Kumasi akwai ƙarin mataki guda. Yawanci ba shirin yake gani ba, guntun minti ɗaya ne da wani ya yanko daga hirar awa guda, wani ya ɗora masa fassarar Hausa, wani ya rubuta masa kanun da ya ga dama. Abu ne da aka tace sau uku kafin ya iso WhatsApp, kuma kowane mai tacewa na da abin da yake nema. Cikakkun hirarrakin suna nan kyauta a YouTube, da ranar da aka saka su da sunayen duk baƙin da aka haɗa, kuma sau da yawa amsar da aka ce baƙo ya kasa bayarwa tana cikin mintin da ke biye da inda aka yanke.